Wuƙar da Ba Ta Kwana Waje

Tun ranar da aka kai Inno makwancinta ban sake kwana a wani gida ba sai namu na Gwandu. Ba ciwo gare ni ba, ba kuma kulle ake yi mini ba. Ƙofar gidanmu a buɗe take, ko akuya tana fita ta dawo. Wuƙa ce ta zaunar da ni. Na san yadda maganar take a kunnen wanda ba ɗan gidan ba, kuma ban roƙi kowa ya yarda ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne yanzu an matsa mini in fitar da yarinyar da za ta gaje ni. Ni kuwa kafin in taɓa rayuwar ɗiyar wani, gara in koma inda abin ya faro, wato bakin wutar Inno.

Gidanmu gidan maƙera ne, kuma da abu ɗaya aka san mu: wuƙaƙen girki na tsohon ƙarfe. Sauran maƙera ƙarfen mota suke saye su buga lauje da fartanya. Mazanmu kuwa sai abin da ƙasa ta daɗe tana riƙe da shi. Manomi yana huɗa wajen Masama ko Dalijan, garma ta tono kan mashi, ko guntun takobi, ko likkafar da tsatsa ta cinye rabinta, sai ya ƙunso a buhu ya kawo mana. Babana yakan ɗora ƙarfen a kan uwar maƙera, ya ɗan taɓa shi da masaba, ya kara kunne. Wani ƙarfen sai ya ce na banza ne. Wani ya ce wannan ya ga yaƙi, sai an ninka shi a wuta an sake ninkawa kafin ya yarda ya yanka albasa. Ƙota kuwa ƙahon sa ne da Fulanin ruga ke kawowa, ko icen tsohon ƙyaure. Matar da ta sayi wuƙarmu takan aurar da jikarta da ita.

Inno kakata ce, uwar babana. Ita ta goya ni, don uwata ta rasu ina kan nono. Gajeruwa ce, mai hannaye kamar na maza, kuma in ta yi dariya sai ta kama cikinta kamar za a ƙwace mata shi. Lokacin ɗari, in an ci tuwo an yi isha'i, takan sa a kwaso sauran garwashin maƙera a kasko a ajiye ƙofar ɗakinta, ta ɗora karan dawa, ta tura dankali cikin toka. Mu yaran gida sai mu kewaye ta, gwiwa na gugar gwiwa, gabanmu na ƙuna, bayanmu na rawar sanyi. Har yau in na ji ƙanshin dankalin da ya fara ƙonewa, sai in ji kamar an kira sunana.

Da wuƙar take fere mana dankalin. Baƙa ce, ba ta da wani kyau, tsawonta bai wuce taƙi ba. Kusa da ƙotar akwai wani ɗan rami a jikin ƙarfen, wanda wuƙa ba ta da amfani da shi. Ban taɓa ganin ta a hannun kowa ba sai Inno. Mazan gidan, da suka wuni suna juya jan ƙarfe da awartaki, in sun gan ta a kan tabarma kewayewa suke yi.

Inno ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Takan ƙwanƙwasa bayan wuƙar a bakin kasko ta ce, "Ga baƙuwa nan bakin ƙofa."

Mu amsa baki ɗaya, "Ta shigo ta zamna!"

Yayana Umaru, wanda shi ne babba cikinmu, kullum sai ya ƙara da, "In ta zo da tsaraba."

"Ji angon banza," in ji Inno. "Ko zoben gwangwani ba ka ƙera min ba, kana neman tsaraba. Gobe in sake miji."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, na kura da na aljanun rafi, amma ɗaya ce ba ta yin ta sai sanyi ya kai matuƙa. In za ta fara wannan, muryarta takan sauka, har matan gida su bar wanke-wanke su zo su tsaya bayan 'ya'yansu.

Wai a zamanin da ake kama mutane, an kamo wata ɗiyar masunta daga bakin gulbi, aka kawo ta birni, aka buga mata mari a ƙafafu. Aka ba da ita gidan wani maƙeri tana yi masa zuga. Ta yi shekaru tana matsa zuga-zugi, takunta gajere, ƙarfe na amsa mata duk inda ta nufa. Tana nan har zamani ya juya, aka ce kowa ya koma gidan ubansa. Maƙerin ya zaunar da ita, ya sare marin, ya jefa shi cikin tarin ƙarfe, ya ce ta tafi Allah ya kiyaye hanya.

"Tat tashi," in ji Inno, "tat tafi har ƙofar gari. Ga hanyar gulbi nan shimfiɗe, har tana jin ƙamshin ruwa. Sai taj ji murya bayanta, ƙasa-ƙasa: *Kin tafi kin bar ni? To ni ba ni zama banza. Gobe a ɗauke ni a sa ma ƙafar wata.*"

A nan mukan matsu da juna. Inno ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku da ku ne, mi za ku yi?"

"Gudu!" in ji Umaru.

"Kai dama an sani."

Ɗiyar masunta ba ta gudu ba. Ta juyo, ta tono marin daga cikin tarin, ta ajiye gaban maƙerin ta ce ya buge shi ya zama wuƙar girki, abin da zai ciyar da mutane. Ya buga. Ramin ƙusar ne kawai ya ƙi rufewa. Da aka gama ta ce, ƙarfen da aka mayar wuƙa ana iya mayar da shi mari, in ya faɗa hannun da bai san shi ba. Don haka wuƙar ba za ta kwana waje ba, ita ma ba za ta kwana inda wuƙar ba ta ba. Ta zauna, ta auri ɗan maƙerin, ta haifi gidanmu. Ba ta sake ganin gulbi ba.

"Tun ran nan," in ji Inno, "ba a sake buga mari gidanga ba. Mace guda ta zamna, dubu sunka yi tafiyarsu. Baƙuwa ta tashi, ku rakata da barci."

Mu yara mun ɗauka jarumar duniya ke nan. Ni har kwaikwayon gajeren takunta nake yi in za ni rijiya.

Akwai abin da kowace yarinya a gidan ta sani, ni kaɗai ban sani ba. A wajenmu ba a miƙa wuƙa hannu da hannu, ajiyewa ake yi a ƙasa mai so ya ɗauka. Wannan kowa ya sani. Abin da ban sani ba shi ne, mai riƙon waccan wuƙar in ta ga tsufa ya kama ta, takan ajiye ta a ƙasa bayan wannan tatsuniyar, kuma ɗiyar gidan da ta ɗauka ta karɓa ke nan. Ba a tambayarta, ba a kuma warwarewa. Iyaye mata sukan ja 'ya'yansu ɗaki su murɗe musu kunne tun suna ƙanana: ko Inno ta roƙe ki, ko ta yi kuka, hannunki cikin zane. Ni wa zai murɗe mini kunne?

A wani daren ɗari, ina famfarar haƙora, Inno ta ƙare tatsuniyar, sai wuƙar ta zame daga cinyarta ta faɗi nesa da ita kaɗan, kusa da toka. Ta miƙa hannu kamar ba ta kaiwa.

"Wash, bayana. Wa za ta ɗauko min?"

Na ga 'yan uwana mata sun sunkuyar da kai, kowace ta cusa hannu a hammata. Haushi ya kama ni. Tsohuwa ta gasa muku dankali, ta ba ku tatsuniya, ku kasa ɗauko mata abu? Na ce, "Kai, ku dai ba ku da kunya!" Na tashi na ɗauka. Da ɗumin toka a jikinta, kuma ta fi yadda na zata nauyi.

Wata matar baffana ta sauke ajiyar zuciya har na ji ta. Inno ta jawo ni ta ɗora a cinya, ta sa haɓarta a kaina ta daɗe. Can ta ce, "Hajo mai baki. Na san ke ce." A daren nan ni aka ba dankalin da ya fi girma, na kwanta ina jin na fi kowa.

Na girma, na manta, ko in ce na sa kaina mantawa. Na auri Mamman, mutumin Kalgo, wanda ni na ce ina so. Yana noman shinkafa a fadama, in ruwa ya cika ya shiga kamun kifi. An gaya masa maganar wuƙa kafin a ɗaura, ya yi dariya ya ce Inno za ta kai shekara ɗari. A Kalgo na san mene ne faɗin sama. Na koyi ƙyafe kifi, na koyi faɗa da matan masunta a bakin ruwa, na haifi 'ya'yana. In na tashi da asuba ba ƙarar masaba nake ji ba, sai tsuntsayen fadama da muryar maza suna kiran juna a hanyar gona.

Ina goyon autana aka aiko Inno ta rasu. Na zo gaisuwa da kayan kwana kaɗan. Da aka share makoki na fara ɗaure kaya, sai na ga wuƙar a kan tabarmata, an kuma share mini ɗakin Inno, an shimfiɗa sabon yashi.

Mamman ya zo ya tsaya a zaure. Ya ce, "Hajo, ɗauko ta mu tafi da ita. Wuƙa ba ta san Gwandu da Kalgo ba."

Babana ya ce, "Ba ta kwana waje."

"To ta bar ta nan."

"Mai ita ba ta kwana inda ba ta."

Mamman ya dube ni. Ni kuwa na koma ciki na kwance kayan da na ɗaure. Ya yi ta zuwa ranar kasuwa, da kifi a kwando da yara a bayan keke ko a mota. Gonarsa tana can, tsohuwarsa tana can, ba zai kwaso fadama ya kawo Gwandu ba. Zuwan ya yi ta raguwa har ya tsaya. Ban taɓa zaginsa ba, har Allah ya yi masa rasuwa. 'Ya'yana a hannun danginsa suka tashi, suna zuwa mini kamar masu ziyarar asibiti.

Da furfura a kaina na shiga ajin yaƙi da jahilci, don shi ne kaɗai wurin da ake zuwa a dawo kafin magariba. Na koyi boko, na koma Islamiyya na gyara karatun sallata. Malamarmu, yarinya ce sa'ar ɗiyata, ta ji labarina ta ce, "Goggo, wannan camfi ne, ƙarfe ba ya magana." Na ce, "Malama, ni ma ban ce na ji shi ba." Ta ce to in gwada.

Na gwada. Na je Kalgo wajen ɗiyata da niyyar kwana, har da zanen canji. Muka ci, muka yi hira, aka shimfiɗa mini katifa. La'asar na yi sai na ji zaman ya ƙi. Ba murya na ji ba, ba aljani na gani ba. Fuskar Inno ce kawai, da haɓarta a kaina, da tunanin in wani abu ya sami wani a gida daren nan, har in mutu ni ce. Ɗiyata tana kirana ina saka takalmi. Kafin in san abin da nake yi ina tasha ina rigimar kujera da kwandasta. A cikin motar nan na gane ba babana ne ke tsare da ni ba, don ya daɗe a ƙasa. An gina mini katangar a cikin ƙirji, da tatsuniya mai daɗi da dankali mai zafi.

Yanzu Yaya Umaru ne babban gida, kuma sana'a ta buɗe. 'Ya'yansa suna ɗaukar hoton wuƙaƙe a waya, masu saye suna zuwa daga manyan birane, kowa yana so a gaya masa tasa daga mashin wane zamani aka fitar. In baƙi sun zo sai a shigo da su tsakar gida, a ce ga uwar wuƙaƙen, ga mai riƙonta, ba ta kwana waje. Su yi ta girgiza kai suna cewa abin sha'awa. Wata mai gilashi ta ce mini na yi sa'a da nake da tarihi. Na ce ta zo mu yi musanya, ta yi dariya ta ɗauka wasa nake.

Sanyin bara Yaya ya same ni ina tsince shinkafa. Ya ce, "Hajo, mun tsufa. Ki tara yara ki yi musu ta ɗiyar masunta. Ki aje."

"Wa kake hange?"

"Allah shi ka zaɓe."

"Allah ko iyayensu mata? Yaya, kada ka maishe ni yarinya."

Ya san abin da nake nufi. Akwai Safiya, jikarsa, wadda auren iyayenta ya mutu uwarta ta koma Diggi ta bar ta a nan. Yarinya ce mai rawar kai, mai tsoma baki a abin da ba a tambaye ta ba, kuma in ta ga tsoho da kaya sai ta karɓa. Duk gidan ita kaɗai ce ba ta da mai jan ta ɗaki.

Na tara su. Na sa aka kwaso garwashi, na gasa dankali, na yi tatsuniyar tun daga gulbi har ƙofar gari, ban rage komai ba, don tatsuniyar ba ta yi mini laifi ba. Ina yi ina kallonsu. Matan gida sun jeru a baya. 'Yan mata kowace hannunta cikin hijabi. Safiya kuwa ta matso har gwiwarta na taɓa tawa, idonta a kan hannuna, jikinta ya riga ya shirya tashi. Na ga abin da Inno ta gani. Na kuma ji, Allah ya sani, yadda abin yake da sauƙi: in saki yatsu kawai, in an binne ni gida ya ci gaba yadda yake, kowa ya ce na cika amana.

Na ƙare, na goge wuƙar a zanena, na soke ta a ƙuguna. Na ce, "Ku tashi, an gama."

Yaya yana bakin zaure. Ya ce, "Kin manta wani abu."

"Ban manta ba."

"Amanar kakanni ce, Hajo!"

"To ka zo ka ɗauka, kai ma jikansu ne. Ko amanar mata kawai ta sani?"

Washegari na fito da ita madafa. Wuƙar da a da sai naman suna da na layya da dankalin tatsuniya, yanzu ita ke yanka kuɓewa, ita ke fasa kan kifi, ita ke fere rake da kabewa, har kara nake sarewa da ita. Kuma kowace safiya sai na zauna na wasa ta a dutse, ko ta dakushe ko ba ta dakushe ba. Ɗiyar maƙera ce ni, na san abin da dutse ke yi wa ƙarfe. Ruwan da ke gangarowa baƙi, jikinta ne ke tafiya.

Yaya ma maƙeri ne. Bayan watanni ya tsaya a kaina yana kallo, ya ce, "Ta rame."

"Aiki take yi."

"Kashe ta kike yi. Kawo in ƙara mata ƙarfe."

"Sai na aje ƙasa ka ɗauka. Ni ba ni ajewa, kai ba ka taɓawa."

Ya ce Allah ya shirye ni, na ce amin, mu duka. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma ya daina shigo da baƙi.

Na yi shekaru ina juya tatsuniyar nan. Ban ce ɗiyar masunta ta yi wauta ba. Ita ta san nauyin abin a ƙafarta, ta zaɓa da idonta buɗe, kuma ta tsaya a ƙofar gari ta ga hanyar da ta bari. Wannan nata ne, ba mai ƙwace mata. Amma ta ce ƙarfen kada ya sake kama ƙafar wata, sai ga shi a gidan da ake tsaronsa bai taɓa zama ba tare da mace a ɗaure ba. An dai daina sa shi a ƙafa, kuma an koyi zaɓen wadda ba ta da uwa. Inno ta so ni, wannan ba na shakka. Ita ma wata ta ajiye mata a ƙasa tana ƙarama, kuma ba ta san wata hanyar ba. Ina yi mata addu'a kullum, wata rana da hawaye, wata rana da cizon haƙora.

Ni kam ba fita zan yi ba, na gwada na ga iyakata. Ban san wa zai riga wani ƙarewa ba, ni ko ƙarfen, shi ya sa ba na fashin dutse ko da zazzaɓi. Na kuma ja Safiya ɗaki na murɗe mata kunne da kaina, har ta yi ƙara, na ce ko gawata ta gani da wuƙar a gefe, hannunta cikin zane.

Da aka yi hutun makaranta na matsa sai da aka kai ta Diggi wajen uwarta. Ta yi kwanakinta ta dawo fuska duk cizon sauro, tana mita wai can ba a barin mutum ya yi barci, tun duhu tsuntsaye ke ihu a fadama.

Na ce, "Zo nan, zamna. Waɗanne iri? Faɗa min a hankali."